Rediyon Yaya Pindar

An ƙwace wa yayana Pindar Dzarma rediyonsa, alhali takardar izini tana aljihunsa.

Ba rediyon jin labarai ba ne. Na magana ne: ka yi kira, wani a wata ƙasa ya amsa maka. Pindar malamin firamare ne a Ajilari, kuma da hannunsa ya haɗa abinsa, da tarkacen da yake tsintowa wurin masu gyara. Tun muna yara haka yake. Ya taɓa kwance agogon babanmu, ya sha bulala, washegari ya sake kwancewa.

Ya yi ta sintiri ofishin masu ba da lasisi har suka ba shi izinin gwaji na ɗan lokaci. Sharaɗin shi ne daga gidansa na Ajilari kaɗai zai yi aiki, kuma kafin wa'adi ya cika ya gwada a gabansu, sannan a ba shi na dindindin.

Ana haka maƙwabcinsa Ajimi ya rasu. 'Yan ta'aziyya suka yi ta zuwa daga Konduga har gidan mamaci ya kasa ɗaukarsu. Wa yake tambayar addinin maƙwabci ranar makoki? Pindar ya share ɗakin rediyon, ya shimfiɗa wa baƙi tabarmi, ya ɗora kayan a amalanke ya kawo min ajiya Maisandari. Ko kunnawa bai yi ba. Ƙarƙashin gadona na tura su.

Ranar sadakar uku sai ga ma'aikacin duba kaya daga ofishin lasisi. Pindar, da gaskiyarsa, ya kawo shi har ɗakina.

Mutumin ya ce, "Malam, takarda ta ce Ajilari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to a kan rediyon baƙin za su kwana?"

"Madam, ba da ke nake ba."

"A ɗakina kake tsaye, da ni kake."

Ya kwashe komai ya tafi.

Pindar ba mai faɗa ba ne, ni ce mai baki. Eriyarsa na nan a kan dogonyaro, ya ƙi saukewa. Kullum aka tashi makaranta sai ya je ofishin lasisin ya zauna a bencinsu. Na ce, "Yaya, ba ka gaji ba?" Ya ce, "Naomi, ai wa'adi bai cika ba."

Ƙarshen watan nan zai cika. Ku da kuka kulle kayansa, ku mayar masa Ajilari, ku ƙara masa kwanakin da kuka cinye, sannan ku zo ku zauna ya kunna ku ji.