Yaya Isuhu da Janar Ɗinsa na Jamus

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Isuhu makwancinsa a Birnin Gwari. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Soja ne, ya bar aiki yana kyaftin, ya dawo gida yana noman masara a hanyar Kuyello. Duk wanda ya taɓa zama da shi a dakali bayan la'asar ya san ba a tashi sai ya kawo zancen janar ɗinsa na Jamus.

Yana saurayi aka tura shi kwas, a can wani malaminsu ya ba su tarihin mutumin. Janar ne na ƙarni na goma sha tara, wanda ya tarar da rundunar ƙasarsu a sukurkuce, ya yi shekaru yana gyara ta, 'yan majalisa na ja da shi, bai fasa ba. Amma abin da ya fi kama zuciyar Yaya shi ne mutumin bai ware gidansa ba. 'Ya'yansa maza sun sa kaki, ɗaya ma ya mutu a yaƙin da ya ɗaga sunan uban. Sunan janar ɗin ya fi ƙarfin harshenmu, sai muke ce masa mutumin Yaya.

Da satar shanu ta yi ƙamari a dajin Kamuku, aka fara tare hanya ana ɗaukar mutane, samarin ƙauyukanmu suka haɗa kai suka zama 'yan sa-kai. Yaya ya je ya gan su, ya dawo ransa a ɓace. Ya ce min taro ne kawai na masu fushi, kowa da bindigarsa, ba mai jin maganar wani. Sai ya ɗora wa kansa aikin gyara su. Ya koya musu tsaron gari, ya hana su kashe wanda suka kama, ya dage sai an sa 'ya'yan makiyayan da muka tashi tare, da 'ya'yan Kiristocin da ke noma a gefenmu. Wasu suka bi shi. Da yawa suka ce tsohon ya sha boko, yana kare ɓarayi.

Don ya rufe bakinsu, ya sa babban ɗansa Nasiru a cikin 'yan sa-kan. Nasiru tela ne, ko kaza ba ya son yankawa, amma bai taɓa musa wa ubansa ba. Wata ranar kasuwa suna rakiyar motocin hatsi daga Kazage aka buɗe musu wuta daga cikin daji. A bayan akori-kura aka kawo gawarsa.

Ina nan lokacin da Yaya ya shiga ɗaki yana ba matarsa Ladi haƙuri. Ya fara cewa ko manyan mazan duniya sun ba da 'ya'yansu. Ba ta yi kuka ba, ta ɗago ta dube shi.

"Baban Nasiru, shi mutumin naka, da ɗansa ya mutu, me ya ce wa uwar yaron?"

Yaya ya juya ya fito. Daga baya ya ce min, "Sani, shekaru ina ba da labarin mutumin nan, ban taɓa tambayar yadda matarsa ta ƙare ba." Tun daga ranar ban sake jin ya ambaci Jamus ba. Ya bar zuwa gona, ya bar dakali, hawan jini ya kwantar da shi, damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Abin da ya hana an yi shi bayansa. An kashe makiyaya a kasuwa don zargi kawai, 'yan'uwansu suka shiga daji da ɗacin rai, ƙauyuka suka watse. Gonarsa ta koma ƙungurmi, ba wanda ya sa mata garma. Yanzu ana cewa an yi sulhu, motoci na wucewa, amma har gobe in direba ya rage gudu a kwana sai kowa ya yi salati. Ban sani ba ko Yaya zai ce gaskiyarsa ce ta fito, ko kuwa zai ce da ya bar Nasiru a kan kekensa na ɗinki.

Ba zan ce aikinsa ya tafi a banza ba. Akwai wani Bafulatani da ke kawo mana nono har gida, wanda samarin da Yaya ya horar suka ƙwato daga hannun masu son kashe shi. Yana raye, ya aurar da 'ya'ya. Rai ɗaya ne na sani tabbas, wataƙila akwai wasu. Shin hakan ya isa? Ladi ba ta taɓa cewa ya isa ba. Tana Kaduna wajen 'yarta, ta ce ba ta ƙara kwana a garin nan.

Makon jiya Habibu, autansu, ya zo ya durƙusa a gabana. Ya ce an ɗauke shi aikin soja, tafiya kawai ta rage. Tsayuwarsa ta ubansa ce, taurin kan ma haka.

"Baba Sani, kai za ka gaya wa Mama. Ni ba zan iya ba."

Na ce masa to. Gobe in Allah ya kai mu zan hau mota zuwa Kaduna, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba. Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya jiƙan Nasiru, ya ba Ladi juriyar abin da zan kai mata.