Humrar Inna a Bokitin Yashi

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, amma har makon jiya bokitinta na ƙarƙashin gadona yana hana ni sakat.

Inna mai haɗa humra ce, turaren nan mai kauri na sandal da miski, wanda ta koya wurin kakarmu a Abeche, can Chadi. Amaren unguwar Mansur a nan Makka duk sun san hannunta. Can gida binne kwalbar ake yi a ƙasa, wai sai ta daɗe take nuna. To mu a hawa na huɗu muke, ina ƙasa? Sai ta samo bokitin fenti, ta cika da yashi, ta tusa kwalba uku. Ta ce waɗannan nata ne, ba na sayarwa ba, kuma sai sun shekara goma. Sallah ta zo ta wuce, biki ya zo ya wuce. In na ce ta ɗan shafa, sai ta ce, "Ke fa ba ki da haƙuri, ba ta nuna ba." Bayan shekara biyu ta rasu, ko ɗigo ba ta shafa ba. Wallahi har yau in na tuna haushi nake ji.

Yanzu ga 'yata Rahma ta fara rarrafe. Sau biyu ina ciro mata yashi a baki. Ran Talata na tarar ta tono kwalba ɗaya tana gwaguyar murfin. Na fizge kwalbar. Na kira Yaya Asabe a unguwar Hindawiyya na ce ta zo ta ɗauke abin nan. Ta ce gidanta ba wuri, in ɗora kan sif. Bokitin da mu biyu ba ma iya ɗagawa! "Kar ki kuskura ki fitar da su daga yashin," in ji ta, "saura shekara biyu kawai." Na ce, "Yaya, Rahma ce za ta jira shekara biyun?"

Na buɗe su duka. Ta farko ta ƙafe, ta koma kamar kwalta. Ta biyu warin tsohon mai take yi. Ta ukun tana ƙamshi sosai, amma ko ta fi yadda take ranar da aka haɗa ta, wa zai iya faɗa? Babu mai tuna ƙamshin shekara takwas da suka wuce. Da Inna na nan na san murfin za ta zarga, ko zafin Makka, ko ni. Jiran kam ba zai yi laifi ba.

Na zubar da yashin, na ɗora kwalba mai kyau inda hannun yarinya ba ya kaiwa, kullum ina shafawa. Abin da ya saura mana na Inna ke nan: gwanintar hannunta, da taurin kan da ta raba mana ni da Yaya daidai wa daida.

Ran Juma'a Yaya ta ji labari ta zo, tun daga matakala take faɗa. Tana shigowa ta tsaya cak, ta kama gefen mayafina ta shinshina. Can ta miƙo wuyan hannunta. "Ban yafe miki ba fa," ta ce. "Zuba."