Ranar da Na Kashe Na'urar Rabon Iri

Na daɗe ina aikin rabon iri a ƙungiyar manoman yankinmu, a wani ofis mai ɗaki uku a gefen unguwar Takur, cikin garin Dutse. Da allo na fara karatu, hannuna kuma ajami ya fara sani kafin boko. Don haka ko bayan an kawo mana kwamfuta ban rabu da ɗan littafina ba. Duk wanda ya karɓi iri sai na rubuta sunansa da ƙauyensu da abin da ya ɗauka, daga dama zuwa hagu. Ba wanda ya sa ni, sabo ne kawai.

Aikin ba shi da wuya sai ranar ruwan shuka. Mutanenmu ba sa son karɓar iri da wuri, domin geron da ya kwana a ɗaki cikin bazara, ko gara ta same shi ko tukunya. Sai an yi ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai, washegari kowa ya taso. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, kwana biyu danshi ya gudu. Wanda bai zuba iri cikin kwanakin nan ba sai ya jira wani ruwan, kuma Allah kaɗai ya san ranarsa.

A irin wannan rana kwamfutar ke nuna halinta. Manomi ya miƙo katinsa, a danna lambarsa, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskarta. Rassanmu na Kiyawa da Kafin Hausa su ma babbar na'urar da ke ɗakin bayan ofishinmu suke tambaya, in aka taru a kanta sai ta yi kamar ta suma. Layi yakan kai kwana uku bai ƙare ba.

Ina da 'yar gona a kan hanyar Kiyawa, gadon mahaifina. Ba na samun zuwa sai layi ya ƙare, lokacin ƙasa ta bushe. Kowace damina mai ɗakina sai ta ce, "Malam, geronka dai ƙanen geron kowa ne. Na maƙwabta yana tafiya, naka yana rarrafe." Nakan yi dariya, amma abin yana damuna, domin rumbunmu bai taɓa cika ba.

Duk da haka jiran nan yana da daɗinsa, sai yanzu na gane. Akwai benci a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ofis. Kafin zoben nan ya gama juyawa na tambayi mutum iyali da dabbobi, na ji wanda ya rasu a ƙauyensu mun yi masa addu'a, na ji wadda ta haihu.

Wata shekara shugabannin ƙungiya suka ɗauko injiniya ta gyara mana. 'Yar Fulanin wajen Kafin Hausa ce, a can ta yi karatun kwamfuta, ba ta da yawan magana. Ta yi kwanaki a ɗakin baya. Ranar da ta gama na ce, "'Yata, me ke damun abin nan ne?"

Ta ce, "Baba, in Inna za ta yi tuwo, kowane tafin gari sai ta koma ɗakin ajiya?"

Na ce, "A'a, a ƙwarya take ɗebowa ta ajiye gefen murhu."

"To wannan na'ura, duk tambayar da aka yi mata sai ta koma ɗakin ajiya, wato faifanta. Faifan yana riƙe abu ko ba wuta, amma nisa gare shi. Tana da wata ƙwaƙwalwa ta kusa mai saurin gaske, ita ce ƙwaryar. Na ƙara mata girma, na kwaso sunayen manoma gaba ɗaya na zuba a ciki. Yanzu ko rassa goma ne suka tambaya lokaci guda, da ka za ta amsa."

Na ce, "Hadda ke nan. In ta manta fa?"

"Tana amsawa tukuna, sannan ta rubuta a faifai, kamar yadda kake yi a littafinka. Sai dai ƙwaƙwalwar nan, in wuta ta yanke, fes take tashi, ba ko suna ɗaya. Sai ta sake karanto komai daga faifai, kuma yana cin lokaci. Shi ya sa na haɗa ta da batirin sola. Kada a kashe ta, Baba."

Na ce to. Kuma na ji ta sarai.

Bayan kamar mako biyu, wata ranar Talata da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har duwatsun Dutse suka ɓace. Ni kaɗai na rage a ofis. Tun muna yara, in hadari ya taso akan kashe rediyo, a rufe madubi, a zare duk wata waya daga bango. Tsawa ta farko da ta faɗi, ban ma tsaya tunani ba. Na shiga ɗakin baya na zare wayar na'urar daga batir, na lulluɓe ta da zanen tebur saboda rufin yana ɗiga ta wannan kusurwa. Na tafi gida ina jin na yi wa ƙungiya hidima.

Ruwa ya sauka sosai. Da na fito daga sallar asuba ƙamshin ƙasa ya cika gari, na san yau ce ranar. Kafin in isa ofis babura da kekuna sun cika gindin darbejiya. Injiniyar, da ta dawo don ta ga aikinta ranar shuka, ta riga ni, na tarar ta maida wayar tana tsaye da zanen tebur a hannu.

"Baba, wa ya lulluɓe ta?"

"Ni ne. Tsawa na ji mata."

Ta sunkuyar da kai. Na ga maganar ta zo mata har baki, kunya ta maida ita. Can ta ce, "Tunda ba a sallame ta ba aka yanke mata wuta, sai ta bincika faifanta tukuna, sannan ta ɗauki haddar. Awa guda, in Allah ya taimaka." Wayarta na ta ƙara, ma'aikatan Kiyawa da Kafin Hausa ne, su ma jama'a ta taru musu.

Labari ya riga ni fita. Akwai wani dattijo mai shanu da noma daga rugar bayan dutse, kowa Baffa yake ce masa, kullum shi ke fara zama a bencin. Yana ganina ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce ka sa wa injin bargo. Zazzaɓi yake yi?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ya leƙa taga ya ce wa injiniyar, "Ke kuma jikata, an ce kin kawo mai hadda. Ina haddar?"

Ta ce, "Baffa, ko saniyarka in ta tashi sai ta yi miƙa."

"Tawa ba a lulluɓa ta."

Ni dai ban yi dariya ba. Rana tana ɗagawa, danshi yana tafiya, kuma hannuna ne ya jawo. Na yi istigfari, na fito da tebur waje, na ɗauko littafina na bara. Na ce a matso. Mutum yana tsayawa na san shi, na san girman gonarsa, na san gero yake so ko dawa ko riɗi. Inda na yi shakka in duba littafi. In faɗa, mai awo ya auna, in rubuta. Yadda muke yi ke nan kafin zuwan kwamfuta, kuma hannuna bai manta ba. Na ce Baffa ya zo ya karɓa, ya ce shi sai ya ga ƙarshen mai hadda.

Ba zan ɓoye ba, awar nan ta yi mini daɗi. Amma kaina ɗaya ne, kuma mutanen kewayen Dutse kawai na sani. Na Kiyawa da Kafin Hausa suna can tsaye, ba abin da littafina zai yi musu.

Da hantsi injiniyar ta fito ta ce, "Ta tashi. Baba, karanto mini waɗanda ka ba, kada su maimaita." Ba ta iya ajami ba, na karanta tana dannawa. Sannan Baffa ya miƙo katinsa. Ya fara, "Malam, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali," sai ga takardarsa ta karɓar iri ta fito. Ya dube ta ya dube ni.

"Ban fa gama gaisuwa ba."

Zoben nan bai ƙara juyawa ba. Kafin kiran azahar layi ya ƙare, a wajenmu da rassan duka biyu. Na tsaya ina kallon benci ba kowa, ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Injiniyar ta ajiye mini ƙunshin gero a kan tebur ta ce, "Baba, ga naka. Ka tafi gona. Wayar nan kuma a bar ta inda take, ko da tsawa, na sa mata kariya."

Na yi sallah, na ɗauki mai ɗakina a babur da sungumi ɗaure a baya. Da na sari ƙasa na ga cikinta baƙi, da sanyi. Maƙwabta suna ta shuka hagu da dama, wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yau ɓatan hanya ka yi?" Ina sara, tana bina tana zuba iri tana takewa da diddige, har rana ta yi ja.

Bayan shekarar nan ba mai zama a bencin, an ma maida shi cikin ofis ana ɗora fayil a kai. Rasuwar Baffa sai bayan wata biyu na ji, a bakin mai awo. Allah ya jiƙansa.

Amma daminar da na kashe na'urar, da muka koma gona bayan kwana shida, geronmu ya tsiro rana ɗaya da na kowa. Mai ɗakina ta bi layi tana dubawa, ta leƙa na maƙwabta, ta dawo ta ce, "To, bana dai sa'anni ne."