Takardar Makanikai a Bakin Zanena

Ku matso, ku aje abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Wagga ba tatsuniya ba ce, ko da kun ji ta da muryar tatsuniya. A kaina ta faru. Jikata ce ke rubutawa, ni ban san baƙi ba.

Ɗana na fari makanike ne. Shekara da shekaru garajinsa na bakin gudron, wato titin kwalta, a Dogon Dutsi, inda manyan motoci ke tsayawa su huce. Suna da yawa a wanga fili: masu gyara, masu walda, masu saida piyes, wato kayan gyaran mota, na kwance cikin rumfunan kwano. Da wanga garaji na ci tuwo, da shi aka aurar da jikokina biyu.

Sai magana ta zo cewa za a ba wani babban ɗan kasuwa filin, ya gina kanti mai gilashi, ya saida piyes sababbi, ya riƙa gyara da na'ura. Su kuwa a kai su bayan gari, inda ba abin da ke wucewa sai amalanken jaki. Amma ba a sa hannu ba tukuna.

Shugaban ƙungiyarsu saurayi ne mai saida piyes, mai gemu da gajeren wando, wanda ya yi lakwal, karatun boko. Ya rubuta takarda da Faransanci, kowa ya dangwala yatsa, har baƙin mai ya ɓata gefenta. Aka ce a kai wa depite, ɗan majalisarmu, tunda lokacin akwai majalisa, kuma maganarsa na da nauyi. To, wa zai kai? Duka suka dubi ɗana, don sun san depiten nonona ya sha a Gesheme, wata huɗu, lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo.

Suka zo har gida. Saurayin ya durƙusa ya miƙo takardar.

"Inna, da kin shiga ki ba shi. Hannu da hannu."

Na ce, "Kai za ka koya mini shiga gidan manya? Ranar da na fara shiga, uwarka ba ta yi haƙori ba."

Wani tsohon mai walda ya yi dariya ya ce, "Malam, ka sha! Koma ka ƙirga kusoshinka."

Na naɗe takardar, na ɗaure a bakin zane.

A wurinmu ba a zuwa wa babba da buƙata a baki kamar mai talla. Zuwan farko gaisuwa ce. Na biyu ka tuna masa zumunci. Sai a na uku, in ya ce mi ke tafe da kai, ka buɗe ciki. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi.

Depite Juma'a kaɗai yake zuwa gida daga Yamai. Juma'ar farko na kai goro da gumba. Ya tashi daga kujera ya zauna ƙasa gabana, muka gaisa, muka ambaci matattu. Ya ce, "Inna, lafiya dai?" Na ce lafiya lau. Takardar na taɓa cinyata, ban kwance ba.

Da na dawo ɗana ya tarye ni a ƙofa. "Kin ba shi?"

"Hankali nake bi."

Ya juya ya koma garaji. Bai taɓa mayar mini da magana ba, kuma yanzu na so a ce ranar ya mayar.

Juma'a ta biyu na kai zabi biyu. Na tuna masa yadda yake cizo yana jariri, ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka maido ni gida cikin motarsa. Muka wuce ta gaban garajin, ɗana na kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Ban nuna ba.

Juma'a ta uku na kwance bakin zane. Takardar ta yi laushi da zufa. Ya karanta, ya ɗago.

"Inna, tun yaushe wagga ke hannunki?"

"Tun zuwan farko."

Ya dafe kai. "Shekaranjiya aka buga hatimi. Ɗan kasuwar ya aiko da tasa takarda tun sati biyu, an tambaye ni ko akwai mai ƙorafi, na ce ban ji ba. Don mi ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Ba haka ake yi ba."

Ya ce, "Haka ake yi yanzu, Inna."

Ko da na ba shi tun farko zai iya hanawa? Wasu sun ce a'a, don su sanyaya mini rai. Ni ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Kafin damina aka kwashe rumfunan. Saurayin mai gemu ya ɗauki piyes ɗinsa ya tsallaka iyaka. In ya zo gari shina gaishe ni, ni ce ba na iya dubansa. Tsohon mai walda ya koma Ɗan Kassari noman gero, ya rasu bara. Depite, kujerarsa ta tafi da aka rushe majalisa, yana Yamai, yana aiko mini da sukari da azumi. Ɗana na bayan gari ƙarƙashin wata itaciyar bedi, yana gyaran babura da tayoyin amalanke. Wata rana har la'asar ba ya taɓa ƙarfe. Har yau bai ce mini komai ba.

Ni kuwa ga ni. Takardar na cikin kwallata, da yatsunsu duka a jiki.