Tukunyar Shinkafa da Wake a Ƙofar Likita

Ko yanzu da tsufa ya fara sace mini abubuwa daga kai, akwai wata rana a fadamar Jiratawa da na san ba za ta fita ba sai ƙasa ta rufe ni.

A lokacin ina sayar da abinci ga 'yan ci-rani, samarin da ke saukowa daga ƙauyukan arewa bayan kaka su yi aikin lambu, damina na tsayawa su koma. Duk Inna suke ce mini. Akwai wasu huɗu masu aiki a gonar tattasai, suna kwana a bukkar kara a bakin gonar. Ran nan na zuba musu shinkafa da wake da rana, suka ci, ni ma na ci ragowar. Ban gama ɗaure kwanonina ba na ji ihu.

Na tarar da dogon cikinsu a ƙasa, miyau na dalala, gumi kamar an tsamo shi daga gulbi. Na biyu na amai. Na uku ya dafe ciki yana cewa ba ya gani sosai. Na huɗun kuwa lafiyarsa lau, yana tsaye baki buɗe.

Nan da nan mutane suka cika wurin, kowa da tasa. Wata tsohuwa ta ce mutanen ɓoye ne, ai gonar kan hanyarsu take, a kawo turare. Wani ya ce rana ce. Wani na neman nono a ɗura musu. Sai wani daga baya ya ce, "Ku tambayi mai abinci mi ta zuba."

Na ce, "Ni ma fa na ci!" Ba wanda ya saurare ni. Har na fara latsa cikina ina jiran nawa ciwon, ina tuna ko man ne, ko waken ne. Aka kira mai gonar, aka ce ya tafi jana'iza Tibiri, wayarsa a kashe. Aka tambaya ko akwai wanda ya san danginsu, kowa ya kalli kowa.

'Yan kabu-kabu masu babura ne suka raba gardamar, suka ɗora su, wani na riƙe da wani, sai Maraɗi. Ni ma na hau bayan ɗaya. Sai da muka isa ƙofar likita, wato asibiti, na lura tukunyar na kan cinyata. Har yau ban san abin da ya sa na ɗauko ta ba.

Wata ma'aikaciya ta tare mu, ta nuna dogon. Ta ce, "Ke ce uwarsa? Mi sunansa? Daga wane gari?"

Na ce, "Ɗiyata, Dogo dai muke ce masa."

Na miƙa mata tukunyar, na ce su auna. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta sunkuya ta shinshina rigar dogon, ta ɗago ta dubi wanda bai kamu ba. "Wane aiki kuka yi yau?"

Ya ce feshin maganin ƙwari, tun safe. Su ukun suka yi, shi yana can yana ban ruwa.

"Da mi suka rufe hanci?"

"Ba komai."

"Sun wanke hannu kafin su ci?"

Ya ce a'a. Can ya ce ruwan ma da suka sha, a bidon ne, jarkar da aka dama maganin, an dai ɗauraye shi.

Aka tuɓe musu riguna, aka wanke su, aka sa musu ƙarin ruwa da allurai. Ni ina zaune a dakali, na rasa ko hamdala zan yi da ba girkina ba ne, ko kuka.

Biyun suka warware da wuri. Dogon ya daɗe. Ranar da ya iya magana na je da kunu, ina zaton zai tambayi iyayensa. Sai ya kamo gefen zanena ya ce, "Inna, an ba wani aikina?"

An riga an bayar. Ban iya faɗa masa ba. Da aka sallame shi ko fartanya ba ya iya riƙewa, ya koma gida tun rani bai raba ba. Ni kuwa sai da na yi wata da watanni wasu na kauce wa tukunyata, don zance ya fi gaskiya saurin tafiya.

Daga ranar na koma yawo da sabulu da buta. Duk yunwar mutum, ba na zuba masa sai ya wanke hannu, kuma sai ya faɗa mini sunansa da garinsu. Abin da na koya shi ne, ɗan ci-rani ya fi tsoron rasa aiki a kan rasa lafiyarsa, don haka ba zai taɓa ce wa mai gona a'a ba. Mu da ya sauka a cikinmu, mu ne ya kamata mu faɗa a madadinsa.