Wayar Abu Rakan a Teburin Malama Intisar

Da hantsi wayar ta fara ƙara, tana kwance a kan tebur cikin wayoyi kusan arba'in, kowace da igiyar caji a gindinta. Malama Intisar ba ta ɗaukar wayar mutane, doka ce da ta kafa wa kanta. Amma wannan ta katse ta sake, ta katse ta sake, har sau biyar, ga shi kuma ba lamba a fuskarta. Sai ta ɗauka don kawai ta ce mai ita ba ya nan.

"Abu Rakan?" Muryar namiji ce, a natse, Larabcinsa tsaf kamar na mai karanta labarai.

Ta ce ba ya kusa, caji ya kawo.

"Mun sani. Ke ce Malama Intisar mai caji. Ya ƙafar?"

Ta ga rushewar gidaje, ta kwana a titi, ta wanke gawar ɗalibarta da hannunta, amma ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan gaisuwa ba. Muryar ta ci gaba ba gaggawa. Ta ce gidan da Abu Rakan ya sauke iyalinsa, kowa ya fita daga ciki kafin la'asar, har da maƙwabta, domin za a jefa masa bam. Malama ta rantse ba ta san mutumin ba, ba ta san gidan ba.

"To ki neme shi, kina da lokaci," in ji muryar, aka kashe.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata a Bait Hanun, can arewacin Gaza. Mijinta ya rasu da ciwon ƙoda tun kafin yaƙi, ta kan ce ya yi sa'a, ya sami kabari shi kaɗai. Ranar da aka ce mutanen arewa su tashi, mata suna ɗaure katifu da tukwanen gas, ita kuwa ta hau rufin gida da sukurdireba ta kwance farantan sola guda biyu. Maƙwabta suka yi ta tambayarta ko su za ta dafa. Sau huɗu tana ƙaura da su. A Khan Yunis bango ya faɗo mata a ƙafa, farantan ko tsagewa ba su yi ba. Da ta iso Dair al-Balah ta jingina su da katangar wani kango, ta kafa tebur, mutane suka riƙa kawo wayoyi.

Da farko littafi ta buɗe, tana rubuta sunan kowa da inda yake kwana, kamar mai kiran suna a aji. Sai wani dattijo ya ƙi. Ya ce shi ba a rubuta sunansa a takardar da bai san hannun da za ta faɗa ba. Waɗanda ke layi suka goyi bayansa. A ranar ta jefa littafin a tandar maƙwabciyarta, ta koma lamba: ta manna salatif a bayan waya ta rubuta, ta ba mai ita guntun kwali mai irin lambar. Ba suna, ba tambaya. Har alfahari take yi da tsarin.

Ta juya wayar. Lamba goma sha bakwai. Ta tuna wani dogon mutum mai furfura, ba ya hira, ya kan ajiye ya juya. Wayar a kulle take. Abin da ke fuskarta kawai hoton wata budurwa ce cikin rigar kammala jami'a, tsaye a gindin bishiyar lemun tsami.

Ummu Hazim mai gasa gurasa, wadda tandarta ke jikin teburin, ta leƙo. "Malama, lafiya? Fuskarki kamar kin haɗiyi batir."

Da ta ji bayani sai dariyar ta ɗauke. Ta ɗaga kai sama, inda zannana, jirgin nan maras matuƙi, ke ta ƙugi tun asuba. Ta ce wataƙila ƙarya ce, wani lokaci masu jirgin su kan kira don kawai su ga mutane na gudu. Malama ta ce in kuma gaskiya ce fa? Ummu Hazim ta bar ƙullu a buɗe, ta ƙwala wa mijinta Shauƙi kira, ta ce ya ɗauro jakin nan da ya fi shi hankali. Ƙanwar Ummu Hazim ta zauna gadin teburin.

Suka hau amalanke su uku. Suka fara da limamin unguwa, suka bi layin ruwa, suka shiga makarantar da ta zama masauki, Malama na ɗingishi tana nuna hoton. Abu Rakan uku suka samo. Ɗaya ya rasu bara, ɗaya tsoho ne makaho a tanti. Na ukun wanzami ne, gajere, ya ciro tasa wayar ya nuna musu, amma duk da haka ya ajiye aska, ya bar mutum da rabin aski, ya tafi kwashe iyalinsa.

Haka ya kasance duk inda suka tsaya. Ba wanda ya san mutumin, kuma ba wanda ya yarda ba maƙwabcinsa ba ne. Suna barin layi, sai layin ya watse. Da Malama ta waiwaya sai ta ga ƙofofi a buɗe, tukunya na tafasa ba mai ita, wanki na ɗiga a kan igiya, takalmin yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Ba ihu, ba kuka. Mutane na fita da ƙunshinsu shiru, sun riga sun saba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tare jakin.

"'Yata, kin ce mu fita. Mu fita zuwa ina? Faɗa mini wurin, yanzu in tashi."

Tsohuwar ta koma ta zauna a bakin ƙofarta.

Bayan azahar, a wani shagon shayi, rediyo na cewa masu zaman sulhu sun sake tashi ba su sa ranar komawa ba. Ko ɗaga kai babu wanda ya yi. A nan wata yarinya mai ɗauke da jarka ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce ai Lamis ce, tare suka gama karatun haɗa magunguna. 'Yan birnin Gaza ne. Ta ji an ce sun sauka can gabas, hayin titin Salahuddin, a gidan wani ɗan uwansu, amma ba ta san wane gida ba, kuma labarin ya kai wata biyar.

Shauƙi ya dubi rana, ya dubi jakin, ya ce ko da mota ne ba za su gama bin gidajen gabas kafin la'asar ba. Malama ta ce ya kora kawai. Ya kora. A hanya ta kai wayar bakinta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai roƙon wani a bayan labule.

"Kun san ƙafata, kun san gidan. Ku faɗa mini mana."

Fuskar wayar ta haska da hoton Lamis, ta sake mutuwa.

Ba su kai titin ba aka kira la'asar. Ladan na yin shiru, zannana ma ta yi shiru. Wata da watanni ba su taɓa jin sama ba ƙugi ba. Jakin ya tsaya da kansa, ya miƙe kunnuwa. Suna iya jin kukan kurciya da motsin ganyen dabino. Sai ƙara ɗaya, mai nauyi, daga gabas, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin amalanken, hayaƙi ya miƙe a bayan gidaje.

Shauƙi ya ƙi wucewa da mata. Ya mayar da su, ya kwance jakin, ya tafi a ƙafa don ya tambayo gidan wa ne, da ko akwai mutane a ciki. Ummu Hazim ta ce masa in ya bari wani abu ya same shi, ita za ta ƙarasa shi. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Malama Intisar ta koma bakin teburinta. Masu wayoyi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa musu, idonta na kan hanyar gabas. Dogon mutumin bai zo ba. Rana ta kusa faɗuwa, Shauƙi bai dawo ba, kuma har yanzu ba wanda ya san gidan da abin ya faɗa wa.