Canjaras ɗin Kawu Sakata

Kawuna ya yi shekara ashirin da shida yana riƙe da makullan sito a wani kamfanin fenti. Ko gwangwani ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba, ƙarin girma ma bai taɓa biyowa ta kansa ba. Haka kuma yake buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. A kulob ɗinsu da ke saman shagon wani tela, Sakata ake ce masa, domin da an fara wasa sai ya jera kuratansa, wato ƙananan 'ya'yan da ke sahun gaba, su sarƙe da na abokin wasa, ya yi musayar duk ɗan da zai musayu, sannan ya koma yana kai sarkinsa dama, yana dawo da shi hagu, har mutum ya gaji ya miƙo hannu a tashi canjaras.

Cin mutane ba ya cikin tsarinsa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara tara babu wanda ya ci shi. Ni dai haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai ba wasa ba ne, gadi ne."

"Ke yarinya ce," in ji shi. "Gwani yana jira ne ki yi kwaɗayi ya kama ki. Ni kuwa ba na son komai, to ta ina zai kama ni?"

Sai aka shirya babbar gasa a zauren wata makaranta, kowa na iya shiga. A zagayen farko ana haɗa manya da ƙanana ne, don manyan su ɗumama hannu. Sunan Kawu ya faɗo gaban zakaran ƙasa, saurayin da bai kai talatin ba, wanda ke cinye mutane yana hamma. 'Yan kulob suka yi ta yi wa Kawu jaje tun kafin a zauna. Ni na kai shi a motata. Duk hanya sai goge tabarau yake yi da bakin riga. Ranar ce na fara jin tausayinsa, don na san in shekara taran nan ta rushe, ba shi da wani abin da zai riƙe.

Aka danna agogon wasa. Kawu ya ja sakatarsa kamar kullum. Awa ɗaya, zakara yana yawo tsakanin tebura hannu a aljihu. Awa biyu, ya zauna. Awa uku, ya cire kwat, ya dafe kai, fankar sama tana ta ƙara, Kawu kuwa sarki dama, sarki hagu, yana rubuta kowane taku a takarda da kyakkyawan rubutunsa na ma'ajin sito. Can dai zakara ya ƙule. Ya jefa dokinsa cikin kuratan Kawu don ya fasa katangar da ƙarfi. Kawu ya cinye dokin, ya ƙara taku biyu, ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, ko mu tashi canjaras?"

Ban taɓa ganin hannu ya miƙo da sauri irin na yaron nan ba. Ya sa hannu a takarda, ya suri kwat ɗinsa, ya fice.

Zaure ya kaure da tafi. 'Yan kulob da suka yi shekaru suna gudun teburin Kawu suka ɗaga shi sama. Sauran wasanninsa ma canjaras ya yi, ba wanda ya kula. Takardar wasan ya kai aka sa mata gilashi, ya rataye a falo saman rediyo. Duk baƙon da ya shigo, ko mai gyaran famfo ne, sai ya sha labari tun daga takun farko.

Bayan shekara shida na koyi wasan a waya. Wata ranar Asabar na je gaishe shi, ƙaiƙayin hannu ya sa na kwafe takun da ke takardar na zuba wa wayar. Da na zo inda Kawu ya nemi canjaras, sai ta nuna min abin da ya sa na zauna. Wajen jefa dokin nan, zakara ya bar bayan sarkinsa a buɗe. Taku biyu kacal ya rage Kawu ya kashe sarkin.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakina bai taɓa riƙe magana ba. Na sauke takardar, na jera masa allo, na nuna masa.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki sarauniyarsa ya kai ta inda na ce, ya dawo da ita.

"Kawu, ba ka gani ba ne?"

"Ban duba can ba," ya ce a hankali. "Ni nawa sarkin nake tsaro."

Na ji kamar in nutse. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu.

"Wa kuma ya sani?"

"Ni, sai shi zakaran."

"To, shi dai ba zai faɗa ba."

Ya goge gilashin, ya taka kujera da kansa ya mayar da takardar kan ƙusarta. Tana nan har gobe. Sai dai tun ranar, in baƙo ya tambayi ko takardar mece ce, Kawu cewa yake yi, "Wani wasa ne na da," ya ƙara muryar rediyo.